Abin da nas ta gani da abin da mujalla ta buga: ina amfanin ƙaramin tallafin bincike?

A shekarar 1956, a babban asibitin garin Rochford da ke yankin Essex a Ingila, akwai wata sista mai suna Jean Ward, ita ce ke riƙe da ɗakin bakwaini. Mace ce da ta yarda da amfanin iska da hantsi. Idan gari ya yi kyau takan tura gadajen jariran farfajiya su ɗan sha rana, sannan ta mayar da su ciki. Wata rana ana zagayen duba majinyata, ta tuɓe wani jariri mai shawara a gaban likita. Jikinsa duk ya washe, sai wani ɗan wuri mai kusurwa uku da ya rage ruwan ɗorawa. Wurin kuwa shi ne inda gefen zanen gado ya rufe, rana ba ta taɓa shi ba. Ba da jimawa ba, a asibitin dai, aka bar kwalbar jinin wani jariri a bakin taga har rana ta buge ta, da aka auna sai aka tarar sinadarin bilirubin, wanda shi ke kawo shawarar, ya ragu. Aka haɗa wannan da wancan. A 1958 mujallar Lancet ta buga sakamakon binciken da ya zama tushen fitilar nan da ake kunna wa jarirai masu shawara a asibitocin duniya har gobe. Sunaye uku ne a kan takardar: Cremer da Perryman da Richards. Babu Jean Ward.

Ba don a zargi kowa na kawo labarin ba. Mutanen uku sun yi aikinsu, su suka auna, su suka ƙera fitilar, su suka rubuta. Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin gani da tabbatarwa. Nas ta fi kowa daɗewa a gefen gado. Likita zai zo ya duba ya wuce, ita kuwa tana nan awa takwas ko goma sha biyu, ta san wanda bai ci abinci ba, ta san wanda numfashinsa ya canza da asuba. Amma abin da ta gani ba ya zama hujjar da za a sauya tsarin aiki da ita sai an ƙirga, an kwatanta, an rubuta, wasu sun tantance. Wannan hanya tana cin lokaci, tana cin kuɗi. Kuɗin ba su da yawa, sai dai sun fi ƙarfin albashi. A wannan giɓi ne ƙaramin tallafin bincike yake zaune.

Idan aka ce ƙarami, ƙarami ne da gaske. Ƙungiyar Sigma Theta Tau, wadda ɗaliban jinya shida suka kafa a Jami'ar Indiana a 1922, ita ce ta fara ba da tallafin binciken jinya a Amurka a 1936, dala 600 ga wata mai suna Alice Crist Malone. Yau ƙananan tallafinta sukan kai dala 5,000. Ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Birtaniya, RSTMH, tana ba masu fara bincike daga ko'ina a duniya har fam 5,000 don aikin shekara guda. A Najeriya, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya daɗe yana da tallafin binciken cikin makaranta wanda rufinsa ya yi shekaru a kan naira miliyan 2. A ma'aunin manyan gwaje-gwajen magani, inda ake kashe miliyoyin daloli, waɗannan kuɗin cefane ne.

To me suke saya? Ɗauki misalin nas a ɗakin yara da ta lura cewa hannun yaran da aka sa wa allurar ƙarin ruwa yana yawan kumbura, kuma tana zargin irin filastar da ake manna allurar da ita, ko kuma daɗewar da allurar ke yi ba a canza ba. Don ta gane gaskiyar zarginta tana bukatar takardar da za a riƙa cikewa ga kowane yaro, safe da yamma da dare, na tsawon watanni. Tana bukatar abokan aiki biyu ko uku da za su cike takardar a lokacin da ba ta nan, kuma a ɗan ba su na mota. Akwai kuɗin da kwamitin ɗa'ar bincike zai karɓa kafin ya duba buƙatarta. Akwai kuɗin buga takardu, da na intanet, da na mai ilimin ƙididdiga da zai zauna da ita tun kafin a fara, ya gaya mata yara nawa take bukata kafin lissafin ya yi ma'ana. Babu injin miliyoyi a ciki, babu tafiya Turai. Amma in babu waɗannan 'yan kuɗin, zargin nata zai ƙare a hirar ɗakin canza kaya, ta yi ritaya da shi.

Wadda ta nuna iyakar abin da irin wannan aiki zai iya ita ce Doreen Norton, ita ma 'yar Ingila, kuma kusan zamaninsu ɗaya da Jean Ward. Abin da ya dame ta shi ne gyambon kwanciya, wanda ke fitowa a ƙugu da duwawu da dunduniyar tsoho ko mai shanyewar jiki idan ya daɗe a gefe guda. A lokacin kowace sista da irin man da take shafawa, kowa da nasa sirrin, gyambon kuwa bai fasa fitowa ba. Wata gidauniyar kula da tsofaffi ta ɗauki nauyin binciken da ta yi tare da wata nas, Rhoda McLaren, da likita Exton-Smith a asibitin Whittington da ke Landan, aka buga shi a 1962. Abin da suka nuna mai sauƙi ne har ya kusa ba da haushi: maganin ba a cikin kwalba yake ba, a sauke nauyi daga wurin ne, a riƙa juya majinyaci a kai a kai. Daga binciken ne aka sami ma'aunin da ke ɗauke da sunanta. Abu biyar ake dubawa: ƙarfin jikin majinyaci, hankalinsa, zirga-zirgarsa, iya motsinsa a kan gado, da ko yana iya riƙe fitsari da bayan gida. Kowanne a ba shi maki daga 1 zuwa 4. Wanda jimillarsa ta tsaya a 14 ko ƙasa da haka, to a sa masa ido tun fatar ba ta fashe ba. Biro da takarda kawai yake bukata, shi ya sa har yau ana aiki da shi.

Bambancin matan biyu ba na kaifin ido ba ne. Ɗaya ta sami wanda ya biya mata lokacin zama ta ƙirga, ɗayar ba ta samu ba.

Ko Florence Nightingale, wadda kowane ɗalibin jinya ya haddace sunanta, haka abin yake. An fi tuna ta da fitila a hannu tana zagaya sojoji a asibitin Scutari da ke Turkiyya lokacin yaƙin Kirimiya, inda ta isa a 1854. Amma abin da ya girgiza hukumomin sojan Birtaniya lissafinta ne, wanda ta yi bayan ta dawo tare da masanin ƙididdiga William Farr, ta zana shi yadda ko wanda bai san lissafi ba zai gane: sojojin da cututtukan ƙazanta suka kashe sun ninka waɗanda rauni ya kashe. A 1858 ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne, mahaifinta attajiri ne, kuma ya yanka mata fam 500 duk shekara. Wannan shi ne tallafin bincikenta. Nas ɗin da ke jiran albashi ya shigo ta biya kuɗin makarantar yara ba ta da irin wannan uba.

Amurkawa sun gane haka, suka gina matakala a hankali. Mujallar Nursing Research ta fara fitowa a 1952. Gidauniyar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasar ta kafu a 1955, babban aikinta raba ƙananan tallafi. Sai a 1986 gwamnati ta buɗe cibiyar binciken jinya a ƙarƙashin hukumar binciken lafiya ta ƙasa, a 1993 aka ɗaga ta zuwa cikakkiyar cibiya mai cin gashin kanta a cikin hukumar. Shekara hamsin ke nan cif tsakanin dala 600 ɗin farko da cibiyar gwamnati. Daga wannan gini ne aka sami irin su Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania, wadda a 2002 ta duba asibitoci 168 ta nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. A 2014 aka maimaita irin binciken a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, aka sami kusan lissafi ɗaya. Kowace nas ta san yawan majinyata yana kashe mutane. Amma ranar da ta iya ajiye lamba a teburin mai rabon kasafi, maganarta ta tashi daga ƙorafi ta koma hujja. Babu kuma mai ba da manyan kuɗi ga wanda bai taɓa riƙe ƙanana ya gama lafiya ba. Ƙaramin tallafi shi ne jarrabawar shiga.

A Najeriya ba a makara wajen farawa ba. Jami'ar Ibadan ta buɗe digirin jinya tun 1965, yanzu kuma akwai sassan koyar da jinya a jami'o'i da dama, har da na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Matsalar ita ce ƙofar kuɗin tana gefe guda, masu tambayar suna wani gefen. TETFund na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati ne, kuma malamansu ne ke nema. Malamin jinya a jami'a zai iya cike takarda. Nas ɗin da ke babban asibitin jiha ko cibiyar lafiya ta matakin farko ma'aikaciyar lafiya ce, ba ta cikin wannan layi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kwanon rufin an kai shi gidan maƙwabci. Tallafin ƙasashen waje kuwa yakan nemi a ajiye kuɗin a asusun wata cibiya, a kawo wasiƙar shugaba da sunan mai ba da shawara, a rubuta komai da irin Turancin da masu tantancewa suka saba. Wanda bai taɓa ganin takardar da ta ci ba zai yi wuya ya rubuta irinta. Tun 1990 wani kwamitin duniya kan binciken lafiya ya ba ƙasashe masu tasowa shawarar su ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da suke kashewa a lafiya don bincike, aka sake jaddada hakan a taron Bamako na 2008. Ko da an cika wannan alkawari, sai an tsaga wa ma'aikatan gefen gado tasu ƙofar kafin ya kai gare su.

Sai kuma lokaci, wanda a ganina ya fi kuɗin wuya. Na taɓa jinyar wani kawuna na mako biyu a wani asibitin gwamnati. Da dare nas biyu ne ke riƙe da ɗakin maza gaba ɗaya. Wajen ƙarfe uku, idan allurai sun lafa, babbar takan zauna a teburi da fitilar waya ta buɗe wani ƙaton littafi mai baƙin bango, gefensa duk ya naɗe, ta rubuta rahoton kowane gado: wanda ya yi amai, wanda zazzaɓinsa ya sauka, wanda aka nemi jini ba a samu ba. Na tambaye ta ina littafin ke zuwa idan ya cika. Ta nuna min wani kabad da ido, ta ce, "Yana nan tare da 'yan'uwansa, Alhaji, sai in an yi rigima a zo a nema." Shekaru na ilimi ne jibge a kabad ɗin. Amma ka ce wa matar nan ta zauna ta mayar da shi bincike bayan ta tashi daga aikin dare, ai ka ɗora wa raƙumi kayan da ya fi ƙarfinsa. Kuma hannayen raguwa suke yi: a farkon 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ya ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Duk tallafin da bai zo da rubutacciyar yarjejeniya da shugabar ma'aikatan jinya ba, cewa an sauke wa mai binciken kwana ɗaya a mako, to barcinta aka saya, kuma ba zai daɗe ba.

Akwai laifin da ke wuyan masu binciken su ma, kuma gara a faɗe shi. Duk wanda ya leƙa kundayen kammala karatu a makarantun jinya zai ga take ɗaya yana ta maimaituwa: me mata suka sani game da kaza, mene ne ra'ayinsu, yaya suke yi. A raba takardar tambayoyi ɗari biyu a layin awo, a tattara, a ce ilimi ya yi ƙaranci, a ba da shawarar wayar da kai. Shekara mai zuwa wani ya canza sunan gari ya sake. Irin wannan yana da arha, yana ba da maki da ƙarin girma, amma da wuya ka nuna gado ɗaya da ya canza saboda shi. Ƙaramin tallafi mai amfani shi ne wanda ya tilasta wa mai nema amsa tambaya guda: idan ka sami amsar, me za a daina yi ko a fara yi a ɗakinku ranar Litinin? Binciken da ya ƙirga minti nawa ake ɗauka daga isowar mai jijjiga zuwa allurar farko, ya gano inda jinkirin yake, ko a makullin kabad ko a layin biyan kuɗi, aka gyara aka sake ƙirgawa, ya fi kundi goma na ra'ayoyi.

Wani zai ce ai manyan gwaje-gwaje ne ke canza aikin asibiti, ba 'yan ƙananan nan ba, kuma yana da gaskiya rabi. Dubi gwajin E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka buga a 2023. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, don a daina ƙiyasi da ido, kuma da an ga ya kai iyaka a haɗa matakan ceto gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa saboda zubar jinin, ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Fam 5,000 ba za ta taɓa yin wannan ba. Amma ungozomomi ne suka aiwatar da shi da hannunsu, kuma bayan masu gwajin sun naɗe kayansu tambayoyin da suka rage na ungozoma ne. Yaya za a yi idan ita kaɗai ce a ɗakin haihuwa da dare? Allurar da ke bukatar sanyi tana da ƙarfinta bayan wuta ta yi kwana uku ba ta zo ba? Sabbin ma'aikatan da aka turo bayan horon, wa ya koya musu? Babban gwaji yana faɗin abin da ke aiki. Ko yana aiki a nan, a wannan ɗaki, da waɗannan hannaye, ƙaramin bincike ne ke faɗa.

Ƙanƙantar kuɗi kuma ba ta rage nauyin amana. Najeriya tana da kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da ƙa'idojinsa, manyan asibitoci suna da nasu, kuma dole a bi ta kansu. Ga nas abin ya fi tsauri ta wata fuska: majinyacin da take neman yardarsa shi ne wanda za ta yi wa allura anjima. Tsohuwar da aka kawo daga ƙauye ba za ta iya ce wa mai farin kaya a'a ba, ko da an karanta mata takardar da Hausa. Shi ya sa ya fi kyau wani daban ya nemi yardar, a kuma faɗa mata a fili cewa ƙin shiga ba zai taɓa jinyarta ba. Haka nan wanda ya duba mutum arba'in kada ya yi magana kamar ya duba dubu huɗu. Ko hasken ranar Jean Ward ma, da aka zo gwada shi a Legas, ba a shanya jarirai haka kawai ba. Binciken da aka buga a 2015, kan jarirai 447, an yi shi ne a ƙarƙashin rumfa mai leda ta musamman da ke tace hasken da ke ƙona fata, ana auna zafin jikinsu a kai a kai, sannan aka nuna bai gaza fitilar asibiti ba. Uwar da ta ji rabin labarin ta kai jaririnta rana tsirara tana iya jawo masa abin da ya fi shawarar.

Bayan an gama sai bugawa, nan ma akwai rami. Mujallu masu mutunci da yawa suna cajin kuɗin da zai iya cinye rabin tallafin, ko da yake wasu sukan yafe wa marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi idan an nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ga wasu mujallun bogi da ke aiko saƙo suna alkawarin bugawa cikin mako guda, ba tantancewa, a biya kawai. Takardar za ta shiga fayil ɗin ƙarin girma, amma babu mai karanta ta. Shirin SORT IT, wanda sashen binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na Hukumar Lafiya ta Duniya ke jagoranta, ya kama bakin zaren a nan: ba kuɗi kawai yake miƙawa ba, yakan haɗa ma'aikacin lafiya da gogaggen mai bincike tun daga tsara tambaya har zuwa miƙa takarda ga mujalla, kuma da bayanan da ke wurin aikinsa ake yi. Irin littattafan cikin kabad ɗin nan ke nan.

Saura maganar suna. A bincike da yawa da ake yi a asibitocinmu, nas ce ke ɗibar jinin, ita ke cike fom, ita ke bin majinyaci da waya idan bai dawo ba. Idan takarda ta fito sai a gode wa "ma'aikatan ɗaki" a layin ƙarshe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙa'idar mujallun likitanci ta duniya ta ce marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa mai nauyi wajen tsara binciken ko tattara bayanansa ko fassara su, ya kuma shiga rubutun, ya amince da shi, ya ɗauki alhakinsa. Ta ƙara da cewa wanda ya cika sharaɗin farko a ba shi damar cika sauran, kada a rufe masa ƙofar rubutu sannan a ce bai rubuta ba. Tallafin da aka bayar da sunan nas yana juya zaman gaba ɗaya: tambayar tata ce, ita ke sa hannu a kasafi, ita ke gayyatar likita da mai ƙididdiga, kuma jerin sunaye ana rubuta shi ne tun ranar farko. Jean Ward ba ta sami wannan ba. Labarin jaririn nan mai kusurwa uku ya fito sosai ne a 1975, lokacin da Dobbs, likitan da ta nuna wa jaririn, tare da Cremer suka rubuta yadda abin ya faro, shekara 19 bayan ranar zagayen.